Kakin Mota: Na Itace Ko Na Kimiyya, Wanne Ya Dace Da Ƙasarmu?

 Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kwanar Dangora da hantsi, inda hanyar Tudun Wada da Doguwa ta rabu da babban titin Kano zuwa Zariya, ya kuma zuba wa motocin da ke lodi ido, zai lura da wani abu. Da yawansu injinsu lafiya lau, suna ratsa dajin Falgore su kai Saminaka su dawo ba tare da ko tari ba. Amma in ka dubi rufinsu da murfin injinsu, sai ka ga fenti ya koɗe, wani wurin yana ɓarewa kamar saɓar maciji, ƙasan ƙofofi kuwa tsatsa ta riga ta yi gida. Mai mota yana canza baƙin mai a kan kari, yana duba birki da taya, amma jikin motar ya bar wa rana da ƙura. Ranar da ya tashi sayarwa, ko ranar da ƙafarsa ta ɓurma ta ƙasan motar, a nan zai gane abin da ya yi asara.

Mu kanmu abin ya taɓa cin mu. Wata shekara bayan kaka, jama'armu suka haɗa masara da dawa da shinkafa, zumuntar mata ita ma ta kawo tata gudummawar, aka sayar aka sayo wata shuɗiyar bas 'yar Kwatano, domin kai marasa lafiya asibiti da zuwa taro da biki da jana'iza. Kowa yana ƙaunarta. Kullum da safe samari sukan ɗauko tsohuwar riga su goge mata ƙura a bushe. Ran Asabar a wanke ta da omo a tsakiyar rana. In kuwa za a kai amarya, sai a jiƙa tsumma da man gas a shafe ta don ta yi sheƙi. Ba a yi damina uku ba rufinta ya fara ɓarewa. Da muka kai ta wurin mai fenti a Kano, kuɗin da ya faɗa ya kai na buhunan masara masu yawa. Ya dube mu ya ce, "Malam, ai da hannunku kuka cire mata riga." Tun daga ranar muka shiga tambaya da bincike, abin da muka samu kuwa shi ne muke so mu raba da ku yau.

Abin da ke jikin mota

Fenti ado ne, amma babban aikinsa shi ne raba ƙarfe da ruwa da iska, gama duk inda ukun nan suka haɗu tsatsa ce ke haihuwa. Motocin da aka ƙera tun daga wajen shekarun 1980 yawanci shimfiɗa uku ce a jikinsu: ta ƙasa mai kama ƙarfe, ta tsakiya mai launi, sa'an nan ta sama wadda take garau kamar ruwa, ba ta da launi. Ta saman nan ita ce ke ba da sheƙi, ita ce kuma ke tare zafin rana. Dukansu a haɗe kaurinsu bai fi na fallen takarda da wani abin kirki ba, ta saman kuwa ba ta kai rabin wannan ba. To, ka ji rigar da muke gurza da tsohon tsumma kowace safiya.

Tsofaffin motoci, irin su akori-kurar Peugeot 404 da 504 na farko-farko, waɗanda muke kira Fijo, da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, da kuma motoci da yawa da aka sake wa fenti a gareji, launi da sheƙinsu a haɗe suke a shimfiɗa ɗaya. Irin wannan fenti in ya tsufa sai ya yi gari kamar alli, in ka shafa hannu launin ya biyo ka. Wannan yana da magani, domin in aka gurje saman da ya mutu, mai kyau yana ƙasa. Amma in shimfiɗar sama ta sabuwar mota ta fara ɓarewa, ba kakin da zai mayar da ita. Sai dai sabon fenti.

Abokan gaban fenti a ƙasarmu

Na farko rana. A watannin Maris da Afrilu zafi yakan kai digiri 40 a inuwa, jikin baƙar mota da aka bari a fili kuwa yana iya wuce digiri 70. Banda zafin, akwai wani haske a cikin rana wanda ido ba ya gani, shi ne ke cin fenti a hankali kamar yadda yake koɗar da zane a kan igiyar shanya. Shi ya sa rufi da murfin inji su ne ke fara lalacewa.

Na biyu ƙurar hunturu. Yawancin hazon da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa Maris iska ce ke ɗebo shi daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, inda dā can ƙasan babban tafki ne da ya ƙafe. A hannu laushi gare ta kamar garin tuwo, amma a cikinta akwai ƙananan ƙwayoyin yashi da suka fi fenti tauri. Goge ta a bushe daidai yake da bin mota da sanfefa. Ka dubi motarka a rana, in ka ga ƙananan zane-zane suna kewaye kamar saƙar gizo-gizo, to aikin busasshen tsumma ne.

Na uku damina. Kudancin Kano, musamman wajen Doguwa da Riruwai, ya fi sauran jihar samun ruwa. Jan taɓo yana maƙalewa a ƙarƙashin mota da kewayen tayoyi, ya riƙe laima kwana da kwanaki. Ga kuma takin zamani da muke ɗauka zuwa gona, wanda in ya zube a bayan akori-kura ya sami laima, ba abin da ya kai shi saurin cin ƙarfe. Ƙari a kan waɗannan, akwai kashin tsuntsaye da na jemagu a gindin mangwaro da darbejiya, wanda yake da tsamin da ke ƙona fenti cikin yini ɗaya in rana ta buge shi. Ruwan wasu rijiyoyin burtsatse ma in ya bushe a jikin mota yakan bar farin tabo mai wuyar fita.

Amfanin kaki shi ne ya zama wata 'yar siririyar riga a kan fenti, wadda za ta sha wahalar a madadinsa. Ita ce za ta ƙare, a sake sa wata, fentin yana nan. Masu shaguna sukan kira shi folish ko waks. Iri biyu ne manya: na itace da na kimiyya.

Kakin itace

Sunansa kanauba, daga ƙasar Barazil yake zuwa, daga jihohin arewa maso gabas irin su Piyawi da Siyara, inda rani yake da tsawo kamar namu. Itacen yana kama da giginya. Don kada ganyensa ya bushe, yakan lulluɓe shi da wani farin kaki. Da rani sai a sare ganyen, a shanya, a bubbuge, garin kakin ya zubo, a narka a tace. Ba mota kaɗai ake wa amfani da shi ba, ana sa shi a man takalmi, da bayan ƙwayoyin magani da alewa don su yi santsi. Tun a 1910 kamfanin Simoniz na birnin Shikago a Amurka ya fara sayar da kakin mota da aka yi da shi.

Kanauba yana cikin mafi taurin kakin da Allah ya halitta, ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 82 zuwa 86. Amma fa saboda taurin nan ba ya shafuwa shi kaɗai, dole a gauraya shi da mai da wasu abubuwa masu laushi. Saboda haka in ka ga an rubuta a gwangwani cewa zallan kanauba ne, kada ka ɗauka duk abin da ke ciki shi ne. Kyansa, ba abin da ya kai shi fito da launi, musamman a baƙar mota ko ja ko shuɗiya, sai ka ga kamar a jiƙe take. Aibinsa, ba ya daɗewa. Ko a ƙasashe masu sanyi wata ɗaya zuwa uku yake yi. A bazararmu, a motar da ke kwana a fili, kada ka sa rai zai kai ƙarshen wannan lissafi.

Wani zai ce, to ga kakin zuma a wurin masu amya a ƙauyukanmu, me zai hana? Tambaya ce mai kyau, domin kakin zuma yana da amfani ga katako da fata, ana ma sa kaɗan daga cikinsa a wasu gwangwanayen. Matsalar ita ce yana narkewa a digiri 62 zuwa 65, alhali kuwa mun riga mun ce jikin mota yana wuce haka. Da rana ta take sai ya yi danƙo, ƙura ta bi ta manne. Gara a bar shi ga kujera da takalmi.

Kakin kimiyya

Wannan a masana'anta ake haɗa shi, yawanci ruwa-ruwa ne a cikin gora, wani kuma fesawa ake yi. Bambancinsa da na itace shi ne, na itace zama yake yi a kan fenti kamar man shafawa a fata, shi kuwa wannan kama fentin yake yi ya riƙe kamar rini a zane. Saboda haka ya fi jure zafi da wanki da ruwan sama. Mai kyau yakan yi wata 4 zuwa 6, wasu ma su wuce. Sheƙinsa irin na gilashi ne, masu son ado sukan ce bai kai na itace daɗin kallo ba, amma a farar mota ko mai ruwan toka da ƙyar za ka bambance. Ya kuma fi sauƙin shafawa da gogewa. Wasu kuma gauraye ne, akwai na itace kaɗan, akwai na kimiyya.

Akwai kuma wani na zamani da ake kira siramik, wanda ake yi da sinadarin da ke cikin yashi da gilashi. In ya bushe yakan zama wata siririyar shimfiɗa mai tauri da za ta yi shekara 2 ko fiye. Sai dai yana da tsada, yana bukatar gwani, da rufaffen ɗaki marar ƙura, kuma ruwa ba zai taɓa motar ba sai ta kwana ta yini. In aka kuskure wurin shafawa, tabon ba ya fita sai da inji. Kuma kada wani ya ruɗe ka, ba ya hana tsakuwar da babbar mota ta watso ta fasa fenti. Ga sabuwar mota ta mai hali, to madalla. Ga tsohuwar bas da ke bin hanyar gona, kuɗin ya fi amfani a taya.

To, wanne za mu zaɓa?

Shawararmu a fili take. Motar aiki, wato bas ɗin jama'a, da motar haya da ke bin Bebeji da Tiga da Kiru, da akori-kurar da ke kai shinkafa kasuwar Tudun Wada, da babur da adaidaita-sahu, duk wadda ke yini a rana ta kwana a waje, kakin kimiyya ya fi dacewa da ita. Dalilin lissafi ne kawai. Na itace zai bukaci a shafa shi wajen sau 6 ko fiye a shekara, wanda manomi ko direba ba shi da sukunin yi. Na kimiyya kuwa sau 2 ya wadatar, in an yi 3 an kyauta. Kakin da aka saya mai tsada aka shafa sau ɗaya aka manta, bai kai mai matsakaicin kuɗi da ake shafawa a kan kari ba.

Lokutan nan biyu ma ƙasarmu ta riga ta yanka mana su. Na farko a ƙarshen Oktoba, ruwa ya ɗauke, hazo bai sauko ba. Na biyu a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, kafin damina ta kankama. Wanda motarsa ke kwana a rumfa, yake kuma jin daɗin hidimarta da hannunsa, ba laifi ya sayi na itace. Mai son duka biyu kuwa sai ya fara sa na kimiyya a ƙasa, ya bari ya kwana, sa'an nan ya ɗora na itace a sama ranar biki. Kada a juya, domin na kimiyya ba zai kama fenti ba in akwai kaki a tsakaninsu.

In kana so ka san ko kakin yana nan, watsa ruwa kaɗan a murfin inji. In ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa kamar a ganyen gwaza, da sauransa. In ya shimfiɗe ya kwanta, lokaci ya yi.

Man gurza daban, kaki daban

A nan mutane da yawa ke faɗawa rami, domin a kasuwa duka folish ake ce musu. Man gurza yana da ɗan kaushi a ciki, aikinsa ya kankare saman fenti don zane-zane su ɓace. Wato duk ranar da aka yi amfani da shi, rigar motar ta ragu. Kaki kuwa ba ya rage kome, ƙari yake yi. Man gurza magani ne da ake sha in ciwo ya kama, watakila sau ɗaya a shekara ko shekara biyu, kuma bayansa dole a bi da kaki. Wanda ke kai motarsa a bi ta da injin gurza duk wata don sheƙi, garin neman gira zai rasa ido. Ka karanta jikin gora ko ka sa a karanta maka kafin ka biya.

Ga wata dabara ta sanin irin fentinka. Ɗiga man gurza kaɗan a farin tsumma, ka goga a ɓoyayyen wuri, kamar cikin bakin ƙofa. In launin motar ya fito a tsumman, fentinka mai shimfiɗa ɗaya ne. In bai fito ba, yana da shimfiɗar sama, sai ka yi hattara da ita.

Yadda ake yi

Da farko a nemi inuwa, da sassafe ko da la'asar sakaliya, a tabbata jikin motar ya huce. A fara kwarara ruwa daga sama zuwa ƙasa don ƙura ta sauka kafin hannu ya taɓa. A tanadi bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraye soso, domin yashin da soso ya kwaso kada ya koma jikin motar. A yi amfani da sabulun wankin mota. Omo da sabulun wanke-wanke an yi su ne don cire maiƙo, saboda haka suna wanke kaki su tafi da shi. Tsumman taya daban, na jiki daban, wanda ya faɗi ƙasa kuma a wanke shi tukuna. A tsane ruwan da tawul mai laushi, kada a bar rana ta busar.

Bayan haka a ɗebi kaki kaɗan a soso mai laushi, a shafa siriri, wuri-wuri: a gama ƙofa ɗaya kafin a koma wata. Yawansa ba ya ƙara ƙarfinsa, wahalar gogewa kawai yake ƙarawa. A jira 'yan mintoci har ya yi hazo-hazo. A ja yatsa a kai, in wurin ya fito tas, ya isa gogewa da tsumma mai tsabta. A kiyaye baƙar roba da gilashin gaba, gama yana barin farin tabo a roba, a gilashi kuma yana hana gani sosai in ana ruwa da dare. Da hunturu, in babu rufaffen wuri, a zaɓi ranar da iska ta kwanta, don kada a haɗa kaki da ƙura a goge tare. Mutum biyu za su gama bas a cikin awa biyu ko uku.

Motar da aka yi wa sabon fenti kuwa a dakata mata wata 1 zuwa 3 kafin a sa kaki, domin fentin yana bukatar ya gama shan iska. A tambayi mai fentin.

Abubuwan da za a guje wa

Man gas da kananzir da baƙin mai da man gyaɗa, sheƙinsu kyan ɗan maciji ne. Na awa guda ne, bayan haka su kira ƙura, su kuma lalata robar gilashi da ta ƙofa. Man birki ya fi su duka mugunta, yana cin fenti nan take, in ya ɗiga a wanke da ruwa ba tare da jinkiri ba. Kada a rufa tamfol a kan mota mai ƙura, domin in iska ta kaɗa shi, gurza zai yi ta yi har gari ya waye. Kashin tsuntsu kada a kankare shi da farce, a ɗora jiƙaƙƙen tsumma ya jiƙa shi sa'an nan a ɗauke. Wurin saye a duba murfi ko an taɓa buɗewa, a kuma tuna araha ba ta ado.

Mu kuma sani kaki ba ya warkar da tsatsa. Inda tsakuwa ta fasa fenti har ƙarfe ya bayyana, a goge wurin a ɗiga masa fenti tun yana kamar ƙwayar gero. Bayan damina a sa a wanke ƙarƙashin motar sosai. In an ɗauko taki, a share a wanke bayan motar a ranar. Fiye da kome, a yi mata rumfa, ko ta kwano ko ta zana. Itace huɗu da zana biyu sun fi kowace gora da ake sayarwa a Kano kāre fenti, kuma kowane ƙauye yana da masu iya kafawa.

Bas ɗinmu dai an sake mata fenti da taimakon jama'a, an kafa mata rumfa, an damƙa bokiti biyu da tsummoki a hannun mutum ɗaya wanda za a tambaya. Wannan ma darasi ne, domin abin da yake na kowa shi ne ke saurin zama marar mai shi. A littafin da ake rubuta ranar canza mai, an ƙara layi biyu, Oktoba da Afrilu. Muna roƙon kwamitocin da ke riƙe da motocin jama'a, da direbobi, da matasanmu masu babura, su yi haka su ma. Gumin mutane ne ya sayi ƙarfen nan, kuma rigakafi ya fi magani.

Sai mun sake saduwa. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.